Wayar da Basyuni Ya Ɗaura a Bututun Ruwa

Usta Basyuni, gwanin aikin silin, ya ɗaure ƙarafunan silin a jikin bututun ruwa, wai don in wuta ta ɓalle ta bi ta shige ƙasa. Bututun kuwa bai kai ƙasa ba. Abin da ido ke gani a jikin bango ƙarfe ne, amma wanda aka binne ƙarƙashin siminti roba ce. Kuskuren ke nan, babu wani. Abin da ya rage shi ne yadda aka yi mutumin da ya yi furfura a kan tsani ya aikata shi.

Shagon da abin ya faru na Mu'allim Shahhat ne, mahauci, a layin bayan kasuwar Damanhur. Gado ya ci, ya same shi da baƙin rufi da ƙudaje, ya kuma daɗe a haka bai damu ba, sai da wani sabon mahauci ya buɗe shago mai gilas a bakin titi mata suka fara komawa can. Nan Shahhat ya ce shi ma zai gyara: farin tayil har sama, firji mai gilas, silin mai fitilu a ciki. Ya ba Basyuni silin, ya ba Hag Mitwalli aikin wutar lantarki.

Silin ɗin irin na yayi ne. A rataya siraran ƙarafuna daga kwankaren sama da waya, a sarƙa su gida-gida kamar ramukan dara, a ɗora farin allo a kowane gida. Wayoyin wuta su bi ta samansa inda ba mai gani. Ban da wannan akwai sandar rataye nama, doguwa mai kaurin dantse, wadda maƙeri ya saƙala da ƙarafunan da suka huda silin suka kama kwankare. Inda suka huda, suna gogar ƙarafunan Basyuni. Ba wanda ya kawo wannan a ransa, don ƙarfe ya taɓa ƙarfe ba labari ba ne.

Hag Mitwalli ya girmi Basyuni nesa ba kusa ba. A unguwar da wuya ka shiga gidan da ba shi ya ja wa wuta ba, kuma ya san da haka. Ɗansa Fikri shi ma mai wuta ne, amma a Iskandariyya yake aiki, sai ƙarshen mako yake zuwa. Fikri ne ke neman Nagat, 'yar Basyuni, wadda ita kaɗai Allah ya ba shi. An karanta Fatiha, an sa zobe, an tsayar da biki bayan Babbar Sallah. Kafin Fikri an yi wani, ya tafi Libiya neman kuɗin ɗaki, daga nan ba a sake jin duriyarsa ba, kuma yarinyar ta zauna jiransa har ƙannen ƙawayenta suka fara goyo. Saboda haka a gidan Basyuni maganar wannan aure kamar tiren ƙwai ake ɗauke da ita.

Ranar da abin ya fara, masu tayil sun gama sun kwara ruwa a ƙasa sun tafi. Hag ya kunna fitilu don ya ga ko duk sun kama, ya bar su a kunne ya fita shan shayi. Basyuni ya sauko daga tsani da silifas, ruwa ya shige masa tsakanin yatsu. Ya kai hannu ya dafa sandar nama don ya gyara silifas ɗin.

Abu ya cije shi daga tafin hannu har haƙora. Ya fizge hannun ya tsaya yana kallon sandar. Ya je ya kashe makunnin fitilun da ke saman sandar, ya dawo ya taɓa da bayan yatsa. Shiru. Ya kunna, ya sake taɓawa. Ta sake cizonsa.

Daga baya aka san dalili. Wayar waɗannan fitilu Hag ya shimfiɗa ta kan ƙarafunan haka nan, babu bututun roba, ta hau kan wani yanke mai kaifi, rigarta ta tsage. Da an kunna, silin gaba ɗaya ya ɗauki wuta, ya miƙa wa sandar nama. Wayar ta Hag ce, yanken na Basyuni ne. Amma ranar Basyuni bai san wannan ba. Abin da ya sani wuta na yawo inda bai kamata ba.

Ya sami Hag a gidan shayin kan kwana, shi da Shahhat suna buga tawula, wani wasa mai kama da dara. Ya jira har aka gama zagaye, sannan ya sunkuya kusa da kunnensa.

"Hag, in ka sami sarari ka zo ka ga wani abu."

"Faɗi a nan, Abu Nagat. Shahhat ba baƙo ba ne, shagonsa ne."

"Ƙaramin abu ne."

"To ƙaramin abu ai ba ya tada mutum daga wasa yana ci."

Basyuni ya rage murya. "Sandar nan tana ja."

Hag ya ajiye abin da ke hannunsa a hankali. Shahhat ya ɗaga kai. Mutum biyu a teburin kusa suka daina magana.

"Tana ja," in ji Hag. "Yaushe ka koma mai wuta ban sha shayin walima ba?"

Suka tashi su uku suka koma shagon, mutanen teburin kusa suka biyo baya kamar an gayyace su. Zafin rana ya riga ya busar da ƙasan. Hag na sanye da takalminsa mai kaurin roba. Ya kunna fitilun, ya lashi yatsa kamar yadda tsofaffin masu wuta ke yi, ya ɗora a kan sandar. Sannan ya kama ta da hannu duka ya girgiza.

"Ina take? Ko ta san ni ne ta gudu?"

Aka yi dariya. Shahhat ya ce, "Hannun masu silin ne da laushi, Hag. Allo suke ɗauka kamar masu raba biredi."

Basyuni ya ce, "Ɗazu ƙasa da ruwa. Kuma nan kullum ruwa ne, shagon mahauci ne. Ni dai cewa na yi, da an ja wa ƙarafunan nan wayar ƙasa, hankali ya kwanta."

"Silin firji ne?" in ji Hag. "Injin niƙa nama ne? Abin da ake ba wuta shi ake ba wayar ƙasa. Silin yana can sama, ban da tsaka wa ke taɓa shi?"

"Sandar fa? Ita ai hannu ke taɓa ta."

"To a ɗaure sandar. A ɗaure ƙofa, a ɗaure taga, a ɗaure wuƙar Shahhat da haƙorinsa na azurfa. A ɗaure su a ina? Nuna min gida ɗaya a layin nan mai wayar ƙasa. Waya biyu muka tarar, mai zafi da mai sanyi, da su na haskaka gidan da aka yi bikin uwarka da ubanka suna kallo — " ya tsaya, ya gyara, " — gidan da ka yi naka bikin. Wa ya mutu?"

"Ba wanda ya mutu, Hag."

"To kai riƙe allonka, ni in riƙe wayata."

Ya kashe fitilun ya fita bai yi sallama ba.

Maganar Hag ba duka ce ƙarya ba. Silin da ba abin da ya same shi ba ya neman waya, kuma Basyuni ya sa ɗaruruwa ba wanda ya ja masa komai. Amma wannan ya ji da haƙoransa.

Masu sana'ar hannu a Damanhur suna da doka ɗaya da ba a rubuta ba. Ka zagi mutum a kasuwa, dattawa su sulhunta ku kafin magariba. Amma ka sa filaya a aikinsa, ko ka kira wani ya duba bayansa, wannan sai dai jikoki su shirya. Basyuni ya riga ya taka gefen dokar a gaban mutane, kuma ya ga yadda kunnuwan Hag suka yi ja.

Labari ya riga shi isa gida. Matarsa Atiyyat ta ajiye masa kwanon wake da biredi da ƙarfin da ya sa man ya fantsama.

"Wai ka kunyata Hag a gidan shayi."

"Ban kunyata kowa ba. Wuta ce ta ja ni."

"Ta kashe ka?"

"Ga ni ina cin wake."

"To ci ka yi shiru. Matarsa Umm Fikri ta wuce ni wajen mai kayan miya, na gaishe ta, ta amsa da hanci. Kai ka san abin da ake nufi da haka ko sai na zana maka?"

"Atiyyat, shagon mahauci ne. Wani zai kama sandar nan ƙafarsa cikin ruwa."

"Shahhat da yaransa duk takalmin ruwa suke sawa har gwiwa. Kai kake yawo da silifas kamar mai zuwa wanka. Ka bari a ɗaura auren nan, in ya so ka hau hasumiyar masallaci ka yi shela." Ta rage murya ta nuna ɗakin ciki da haɓa. "Sau ɗaya aka bar ta, ka ga yadda ta koma. In aka sake, kai za ka aure ta?"

Nagat ta leƙo da butar shayi. Ta ji komai, gidan ba shi da girman da za a ɓoye magana.

"Baba, in kai da Ammu Mitwalli za ku yi dambe, ku bari sai bayan biki. Ba na son hoto da kumburarren ido."

Ya yi mata murmushi don ta yi dariya, ta yi, ta ajiye butar ta koma ciki.

Basyuni ya juya maganar ta kowace fuska. In ya matsa wa Shahhat, Shahhat zai kira wani mai wuta, kafin la'asar duk kasuwa ta ji cewa surukin Hag ya sa an binciki aikinsa. In ya kira Fikri, ya ɗora ɗa a kan uba, wannan ya fi muni. In ya yi shiru, ranar Juma'a za a buɗe shago, kuma hannunsa bai daina tuna cizon ba. Sai ya ga wata hanya ta huɗu wadda ba za ta taɓa mutuncin kowa ba: ya yi da kansa, kada kowa ya sani.

Ba kuma sabon abu zai ƙirƙira ba. Tun yana ƙarami ya ga ana yi. Injin wanki in ya fara ja, sai a samo waya a ɗaura a jikinsa, a ɗaura ɗaya bakin a bututun famfo. Bututu ƙarfe ne, ya bi ƙasa har bakin titi, wuta ta bi shi ta tafi abinta. A gidan uwarsa haka aka yi, a gidan kowa haka aka yi.

Ranar Alhamis da azahar, lokacin da kowa ya tafi cin abinci, ya koma shagon da tsaninsa na katako, wai zai gyara allon da ya karkace. A bayan shagon akwai ɗan fili mai siminti inda ake wanke tumbi da hanji, da famfo a jikin bango. Bututun famfon ya fito daga ƙasa, ya wuce famfon ya hau bango, ya shiga ta saman silin zuwa wani tsohon tanki da aka daina amfani da shi. Basyuni ya ɗage allon kusurwa, ga bututun nan kusa da hannunsa. Ya ƙwanƙwasa shi da filaya, ya ji ƙarar ƙarfe.

Bai sayi wayar tagulla ba, don mai shagon kayan wuta abokin Hag ne, zai tambaya me mai silin zai yi da ita. Ya yanko daga tasa wayar da yake rataye ƙarafuna. Ya kankare fentin bututun har ya yi ƙyalli, ya naɗa, ya murɗe da filaya sosai, ya kai ɗaya bakin ya ɗaure a babban ƙarfen silin. Aiki mai kyau ya yi, shi bai iya aikin banza ba.

Ya sauka ya kunna fitilun. Suka kama, ba abin da ya yi ƙara. Ya hau tsani ya taɓa ƙarfen da bayan yatsa, bai ji komai ba. Ya ce alhamdu lillahi.

Abu biyu ya kuskure. A kan busasshen katako yake tsaye, ko wayar mai zafi ya taɓa da ƙyar zai ji. Kuma da bututun ya kai ƙasa, da yana kunnawa fis ɗin akwatin wuta ya ƙone nan take, da an san akwai ciwo an neme shi. Shirun da ya faranta masa rai shi ne alamar cewa wutar ba ta sami hanya ba. Bara bututun ya ruɓe a ƙasa, Shahhat ya kira mai famfo, ya haƙa ya sa na roba ya shafe da siminti. Wutar da da take sama tana jiran wanda zai ɗaga hannu, yanzu Basyuni ya sauko da ita har kan famfo, daidai ƙugun mutum.

Ya mayar da allo ya tafi gida, ya ci abinci da yawa ranar.

Juma'a da hantsi layin ya cika. An sa karatun Alƙur'ani a lasifika, an jera kujeru, an kawo ɗan maraƙi da jan ƙyalle a wuya. Shahhat ya kwantar da shi a bakin ƙofa ya yanka, jini ya bi dokin ƙofa ya gangara kwata. Ya tsoma tafinsa ya buga a farin tayil ɗin saboda baki da ido. Sannan ya kira waɗanda suka yi aikin su ma su sa nasu. Hag Mitwalli ya naɗe hannun jallabiyarsa ya tsoma ya buga. Basyuni ya buga nasa a gefe.

"Hag, kai za ka kunna," in ji Shahhat. "Hannunka ya fara, shi zai ƙarasa."

Hag ya yi bismilla ya danna makunnan da gwiwar hannu don kada ya ɓata su da jini. Shago ya yi fari fat. Mata suka yi guɗa.

Tun ranar gidan shayi Hag bai yi wa Basyuni magana ba. Sai ga shi ya matso ya tsaya kafaɗa da kafaɗa da shi, idonsa na kan silin.

"Ya yi kyau," in ji shi. "Layinka a miƙe yake, ba zan hana ka wannan ba."

"Fitilunka ne suka fito da shi, Hag."

"Bar daɗin baki, bai dace da fuskarka ba." Sannan ya ce ƙasa-ƙasa, "Na kwana da maganarka. In Fikri ya zo hutun Sallah zan sa ya kafa ƙarfe a ƙasa a bayan nan, ya ja waya ya haɗa sandar da silin ɗin naka. Ba don ka yi gaskiya ba. Don dai uban amarya ya samu barci. In ka faɗa wa wani na ce haka, zan ƙaryata ka."

Nan ne wurin da Basyuni zai ce, Hag, na riga na yi wani abu. Maganar ta zo masa har baki. Amma tsohon ya sauko da kansa, yana murmushi, kuma faɗin haka daidai yake da a ce masa na shiga aikinka a ɓoye kamar ɓarawo. Ya haɗiye.

"Allah ya ƙara girma, Hag."

"Riƙe min agogon nan. Jini har ƙafata, bari in wanke in yi alwala gaba ɗaya, kada liman ya hau mumbari ina nan ina sauraron ka."

Hag ya ratsa mutane ya shiga bayan shagon.

An gama fiɗa. Shahhat da wani ma'aikacinsa suka ɗauko rabin maraƙin, suka ɗaga suka saƙala ƙugiya a sandar. Shahhat ya janye hannu ya yarfe, ya dubi naman, ya dubi jama'a yana dariya.

"Maraƙin nan bai yarda ya mutu ba. Ga shi a feɗe yana mintsinina."

Mutane suka yi dariya. Basyuni bai yi ba. Takalmin ruwa ne a ƙafar Shahhat har gwiwa, amma jini da ruwa sun jiƙe shi, shi ya sa ya ji. Ke nan wutar tana nan a sandar. Ke nan ba ta tafi ko'ina ba. In kuwa tana jikin silin, tana jikin wayar da ya ɗaura, tana jikin abin da ya ɗaura wayar.

Ya ce a kashe wuta, lasifika ta cinye maganar. Ya ture wata mata da tire, ya ture wani, ya isa ƙofar baya.

Hag na durƙushe a kan siminti. Ya cire takalmansa ya jera su a gefe da safa a ciki. Hannunsa na dama ya damƙe kan famfon, goshinsa ya jingina da bango, ruwa na zuba a kan gwiwoyinsa. Ba ya ihu. Jikinsa ne kawai ke wata irin ƙaramar rawa, kamar mai jin sanyi.

Basyuni ya san in ya taɓa shi sun zama biyu. Ya juya ya koma ciki, ya kai wa akwatin wuta hannu ya fizge fis ɗin gaba ɗaya. Shago ya yi duhu, karatu ya yanke. Da ya dawo, hannun ya saki famfon, tsohon ya kife a cikin ruwa.

Suka ɗauke shi a motar mai kayan miya. Kafin su kai asibiti ya riga ya tafi.

Mutane suka ce zuciya ce, dama yana shan maganinta. Suka ce ranar Juma'a, cikin alwala, ana karatun Alƙur'ani, wa zai samu irin wannan? A rumfar makoki har akwai masu cewa Allah ya ba su irin cikawarsa. Umm Fikri ta riƙe wannan magana da hannu biyu, ita ce ta hana ta zaucewa.

Basyuni ya zauna a rumfar yana karɓar gaisuwa a layin dangi. Fis ɗin na aljihunsa. Ya riga ya gaya wa Shahhat cewa kada ya kuskura ya mayar da wuta a shagon sai Fikri ya hau sama ya duba. Shahhat ya tambaye shi dalili, ya ce haka dai. Basyuni yana da damar ya karɓi makulli ya hau ya kwance wayar, aikin da ba zai kai shan kofin shayi ba. Bai karɓa ba. Atiyyat ta lura ba ya cin abinci, ta tambaya, ya gaya mata a tsaye a madafa. Ta zauna a ƙasa ta ce, "Je ka cire." Ya ce a'a. Ta ce, "Don Allah, don 'yarka." Ya ce ya riga ya yi abu ɗaya a ɓoye don 'yarsa.

Fikri shi ya yi wa ubansa wanka, ya kuma ga ƙuna a tafin hannun dama da tafin ƙafafu. Mai wuta ba ya buƙatar a fassara masa wannan.

Bayan an kwance rumfa ya zo gidan Basyuni da la'asar. Ya rame, gemu ya fito masa. Atiyyat ta kawo shayi ta koma ta tsaya a bakin madafa. Ƙofar ɗakin Nagat a buɗe take kaɗan.

Fikri ya zaro guntuwar wayar ƙarfe daga aljihu ya ajiye a kan tiren, kusa da kofuna. Ya yanko ta da murɗinta.

"Ammu, masu wuta ba sa murɗa waya haka. Kuma ba ma aiki da irin wannan."

"Tawa ce," in ji Basyuni.

"Na sani. So nake in ji ka faɗa."

"Ni na ɗaura. Na gaya masa sandar na ja, bai yarda ba. Na ji nauyin in sake yi masa magana."

"Ka ji nauyi." Fikri ya gyaɗa kai. "Ni fa? Ina da wayar hannu a aljihu. Kalma ɗaya, da na zo a daren."

"Ban so in sa ka gaba da mahaifinka ba."

"Da ya yi fushi da ni mako guda. Ya saba." Ya murza idonsa da yatsa. "Ka san bututun roba ne a ƙasa?"

"Yanzu na sani."

"Kowa ya canja, Ammu. Rabin garin nan roba ne. Ba a ɗaura wayar ƙasa a abin da ba a auna ba. Da ka bar wutar a sama, da ta yi ta mintsinin Shahhat har ya gaji ya kira wani."

Basyuni bai kare kansa ba. Ya ce, "In za ka kai ni hukuma, mu je yanzu. Ba sai an zo an ɗauke ni a gaban mata ba."

"In na kai ka, za su hau sama. Za su ga wayarsa kwance a kan ƙarfe babu bututu, za su rubuta. Mutumin da ya yi wa garin nan aiki tun ban zo duniya ba, a ƙare da cewa aikinsa ne ya ci shi. Uwata kuma ta ji cewa ba zuciya ba ce." Ya girgiza kai. "Na gyara komai, na kafa ƙarfe a ƙasa, na haɗa. Shahhat bai san abin da na tarar ba. Ba kuma wanda zai sani daga bakina."

Atiyyat ta saki numfashi. Ta yi saurin saki.

Fikri ya murza zoben da ke yatsansa har ya fito, ya ajiye a gefen wayar.

"Amma ba zan iya zama ina cin abinci tire ɗaya da kai ba. Ba zan iya miƙa maka ɗana in ce ga kakanka ba. Na gwada a raina, na kasa."

"Ita me ta yi?" in ji Atiyyat. "Ɗana, dube ni. Ita ta hau tsani?"

"Ba ta yi komai ba, Inna."

"To ka hukunta shi. Ka daina gaishe shi, ka ɗauke ta ku tafi Iskandariyya, kada ya sake ganinku."

"Fuskarsa ce da ita," in ji Fikri.

Ya tashi bai taɓa shayin ba. A bakin ƙofa ya ɗan tsaya kamar zai juya wajen ɗakin, sai ya sauka matakala.

Mazan biyu suka riƙe alkawari. Fikri bai faɗa ba, Basyuni bai faɗa ba, don in ya faɗa ya tone kabarin Hag ya kuma kashe tsohuwar. Sunan Hag Mitwalli ya zauna da tsabtarsa. Basyuni ma ba a daina ba shi aiki ba.

Amma unguwa ba ta barin rami babu murfi. Saurayi mai hankali, ɗan mutunci, ya fasa aure ana saura kaɗan biki, bai kuma faɗi dalili ba, gidan yarinyar ma sun yi gum. Mata suka haɗa da na farkon da ya tafi Libiya bai dawo ba, suka ce biyu ba ta zama banza, lalle akwai abin da aka ji game da ita. Wasu suka ce a'a, ƙafarta ce ba kyau, daga sa zobe uban miji ya faɗi. Ba wanda ya faɗa a gaban Basyuni, ba kuma wanda ya sake ƙwanƙwasa ƙofarsa da maganar aure.

Nagat ta san gaskiya, ta ji da kunnenta ta bakin ƙofa. Da ta buɗe baki sau ɗaya wajen mai kayan miya, da ta wanke kanta, ubanta kuma ya tafi kurkuku. Ba ta buɗe ba. Tana nan a gidan har yanzu, furfura ta fara fito mata a gaban goshi, 'ya'yan ƙawayenta suna ce mata Anti.